Tsibirin da Hajiya Kulsumu Ta Zaɓa

Wata Asabar da hantsi Badiyya ta kira daga Legas, ta ce a haɗa mata iyayenta duka biyun a waya ɗaya. Alhaji Muhuyi yana gindin darbejiyar tsakar gida yana yanke farce da reza, Hajiya Kulsumu kuma tana tsintar shinkafa a faifai. Aka jingina wayar a jikin buta, suka matso kusa.

Badiyya ce autarsu. Injiniya ce a wani kamfanin sadarwa, kuma tun tana ƙarama ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ana gama gaisawa ta ce ta yanke shawara, za ta kai su hutu.

"Hutun me?" in ji Alhaji Muhuyi.

"Hutu dai, Baba. Ku je ku huta."

"Ai na yi ritaya. Yanzu haka da kike ganina, hutawa nake."

"Wannan zama ne, Baba, ba hutu ba."

Ta yi musu bayani. Tsibirai biyu ne a gaɓar tekun gabashin Afirka, ɗaya sunansa Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, ɗayan Lamu a ƙasar Kenya. Duka biyun garuruwan Musulmi ne, ana jin kiran salla, ba a shakkar abinci. A kowanne ta nemo otal na manyan mutane a bakin ruwa, irin wanda ake naɗe wa baƙo tawul kamar tsuntsu a ajiye masa a kan gado. Ita za ta raka su, ita za ta yi komai. Abu ɗaya ne nasu: su zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata, don ta nemi hutu a wurin aiki.

Hajiya Kulsumu ta ajiye faifan. "Wane ne namu a can?"

"Babu kowa, Umma."

"To wa za mu je gaisarwa?"

"Ba kowa."

"Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya?"

"Teku za ku je ku gani."

Hajiya ta juya ta dubi katangar gabas, wadda a bayanta, in an wuce gidaje kaɗan da wata gonar albasa, ruwan dam ɗin Tiga yake shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Ta juyo.

"To, Allah ya yi miki albarka," ta ce, ta ɗauki faifanta.

Alhaji Muhuyi mutumin Ƙofa ne. Yana saurayi aiki ya kawo shi Tiga, ya yi rayuwarsa yana buɗe ƙofofin ruwa yana rufewa bisa umarnin na gaba, har ya yi ritaya ya gina gida a nan. Hajiya Kulsumu kuwa tana cikin waɗanda aka taso daga tsohon garinsu lokacin da za a tare ruwan, tana yarinya ƙarama. Garin yana nan a ƙarƙashin dam ɗin. Danginta sun koma kamun kifi da noman rani, kuma kusan babu mace a cikinsu da ba ta shiga kwalekwale, ban da ita. Tun farkon aurensu Alhaji ya lura da haka, ya fahimci dalili shi kaɗai, bai kuma taɓa tambaya ba. In ana biki a ƙetaren ruwa, ta wajen Burumburum, sauran mata sukan cika kwalekwale su tsallaka suna hira. Shi kuwa sai ya zuba mai a babur, ya goya matarsa, su bi doguwar hanyar da ta kewaye, su isa an fara raba abinci. A cikin ayyukan kirkin da yake ganin ya yi a zaman aure, wannan yake sawa a gaba.

Da yamma hotuna suka fara shigowa wayarsa. Na Zanzibar suka fara zuwa: farin yashi, wurin iyo mai shuɗin ruwa, gadaje a jere ƙarƙashin laima, da wani mutum sanye da fararen kaya riƙe da faranti yana murmushi. Alhaji ya wuce su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai na Lamu suka biyo. Can ma da farin yashin da mai farantin. Amma a hoto na uku ko na huɗu sai ga wani lungu ɗan siriri tsakanin dogayen gidaje, ga jaki tafe da mangala cike da yashi, wani dattijo mai hula yana binsa a baya.

Alhaji ya sa yatsu biyu ya ƙara girman hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Akumarin nan bai zauna daidai ba," ya ce, ba da kowa ba.

Mahaifinsa mai jakuna ne. Da su yake ɗaukar hatsi daga Ƙofa zuwa kasuwannin Bebeji da Kiru, kuma Muhuyi ya tashi yana bin su a ƙafa tun kafin a sa shi makaranta. Daga baya kura da babur mai ƙafa uku suka karɓe aikin, jakunan suka yi ta raguwa har suka zama abin nuna wa yara. A ƙasan hoton Badiyya ta rubuta cewa a Lamu kusan babu mota, jaki ne motar gari. Alhaji ya karanta wannan layin sau da yawa. Kafin magariba ya riga ya ga kansa a cikin lungun.

Washegari saƙon murya ya zo. Badiyya ta ce ta manta da wani bambanci. A Zanzibar jirgin sama yana sauka a kan tsibirin, mota ta ɗauke ka har ƙofar otal. A Lamu kuwa filin jirgin yana wani tsibiri ne da ke fuskantarsa, sai an shiga jirgin ruwa an tsallaka. Ba nisa, in ji ta, amma dai sai an shiga.

Alhaji ya saurara, ya dubi matarsa da ke shanya a igiya, ya sa wayar a aljihu. Zanzibar ke nan.

Bayan la'asar ya kai maganar majalisa, wato bencina biyu da tabarma a ƙofar shagon mai cajin waya, inda tsofaffin ma'aikatan ruwa suke zama. Ya faɗe ta a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani. Malam Jibrin, wanda suka yi aiki tare, shi ya fara magana. Bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ba ya rabuwa da rediyo, kuma babu ƙasar da ba shi da ra'ayi a kanta.

"Wato ka bar ruwa a bayan gidanka, ka hau jirgi ka tafi kallon ruwa."

"Wancan da gishiri," in ji Alhaji.

"Af, to da sauƙi."

Aka miƙa wayar hannu zuwa hannu. Wani ya tambaya ko mai farantin nan shi ne mai otal ɗin. Wani ya ce gadajen da ke waje ai na waɗanda ba su sami ɗaki ba ne. Da aka zo kan hoton jakin, Malam Jibrin ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alhaji, in dai jaki ne, akwai guda biyu a Burumburum, zan iya raka ka gobe. Ni dai shawarata Zanzibar. Sunan ma da nauyi. In ka dawo ka ce daga Zanzibar kake, kowa ya san ka je wani wuri. Amma ka ce Lamu, wallahi sai a tambaye ka ko ta wajen Doguwa ce."

"Ai ni ma Zanzibar ɗin na zaɓa," in ji Alhaji Muhuyi.

Majalisa ta yaba da hangen nesansa. Kafin sati ya zagayo, yara a unguwa sun fara kiransa Alhaji na Zanzibar.

Saura Hajiya. Alhaji bai so ya ambaci jirgin ruwa a gabanta ba, don haka ya nemo wasu dalilan. Ranar farko ya ce mata a Zanzibar ake noman kanumfari, an ce gari gaba ɗaya ƙamshinsa yake. Ta ce kanumfarin da ke cikin gwangwaninta zai kai ta baɗi. Wata rana ya ce akwai wasu manyan kunkuru a can, an ce wasu sun haura shekara ɗari. Ta ce tsufa ai suna da shi a gida. Ya ce otal ɗin Zanzibar ya fi girma. Ta tambaye shi ko a ɗaki nawa yake shirin kwana.

"To ke wanne kike so?" ya ce.

"Ban ce ina son ko ɗaya ba tukuna. Ina dai kallo."

Kallon kuwa tana yi. Ta lura kullum bayan azahar, lokacin da ya saba ɗan kishingiɗa, Alhaji yakan shige ɗakinsa da waya ya rage murya. Rage muryar ba ya hana kukan jaki fitowa ta taga. Badiyya ta turo masa wani ɗan bidiyo na kasuwar Lamu, shi yake maimaitawa.

Ranar Laraba ta kai masa kunu, ta same shi a kai. Ya kifa wayar a kan katifa, jakin ya ci gaba da kuka daga ƙasa. Hajiya ta ajiye kofin, ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi da rana ba.

"Alhaji, wannan kunkurun ne yake kuka?"

Ya lalubo wayar ya kashe.

"Lamu kake so," ta ce.

"Na riga na ce Zanzibar."

"Na ji abin da ka ce. Ina tambayar abin da kake so."

Ya ɗauki kunun ya kurɓa, ko da yake da zafi. Sannan ya ce, "Lamu sai an shiga jirgin ruwa."

"To?"

"To, ke kuma..."

"Ni kuma me?"

"Ba kya shiga."

"Na taɓa ce maka ba na shiga?"

Alhaji ya yi tunani da gaske, don mutum ne mai son adalci. Ya bi shekarun aurensu a zuci, bai sami ranar da ta faɗa ba.

"Ba ki faɗa ba. Amma tun da na aure ki ban ga kin shiga ba."

"Ta ina zan shiga, kullum kafin in ɗaura ɗankwali ka tayar da babur?"

Ta miƙe ta ɗauki mayafinta, ta leƙa gidan maƙwabta, ta ba da saƙo a faɗa wa ƙaninta Balarabe tana nemansa. Balarabe masunci ne, an haife shi bayan an taso, bai san tsohon gari ba sai a bakin manya. Da ya zo ta ce masa gobe da safe kada ya fita su, zai kai ta cikin ruwa. Ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi darbejiya.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gwaji zan yi."

Da safe ta fito cikin atamfarta ta zuwa unguwa, da takalmi mai kyau da jaka a hannu. Alhaji ya biyo ta da babbar riga, don bai ga yadda za a yi ta yi kwalliya shi ya fita da ta zaman gida ba. A bakin dam matan da ke gyaran karfasa suka dakata da wuƙaƙe a hannu. Wata ta ce, "Hajiya, ina zuwa haka?" Ta ce, "Nan kusa." Balarabe ya jawo kwalekwalen har ya taɓa yashi, ya share wurin zama da hularsa. Ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa ta shiga, ta zauna a miƙe, jakar a kan cinya, kamar wadda ke jiran likita. Alhaji ya zauna kusa da ita.

Ruwan a kwance yake, iska kaɗan. Balarabe yana tuƙi a hankali. Gidajen Tiga suka yi ta ƙanƙancewa a baya. Alhaji ya saci kallon fuskar matarsa, bai ga komai ba. Ya fara tunanin ashe duk man da ya ƙona a doguwar hanyar nan a banza ya tafi. Sai ya ji rigarsa tana ja ta gefe guda. Ya duba. Hannun Hajiya na hagu ya damƙe aljihun babbar rigar, jijiyoyin bayan hannun duk sun tashi. Ya mayar da idonsa gaba.

Da suka yi nisa Balarabe ya ɗaga filafilin daga ruwa, kwalekwalen ya tsaya yana ɗan lilo.

"Yaya, nan ne fa. Nan masunta suke cewa Kan Gari."

Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ruwa ne ko'ina, sai wani dutse can nesa da tsuntsaye a kai.

"Wancan dutsen na sani," ta ce. "Daga ƙofar gidanmu ana hango shi, amma a lokacin ya fi haka tsawo." Ta ɗan sunkuya ta leƙa ruwan, ba ta saki rigar ba. "Dutsen niƙan Inna yana nan ƙasa. Ranar da motar kwasar kaya ta zo, direban ya ce ya yi nauyi, a bar shi za a dawo a ɗauka. Har ta rasu tana cewa ba a dawo ba."

Balarabe ya ce, "Ni dai ragata ta sha maƙalewa a daidai nan. Bara ma sai da na yanke ta."

"To ka daina jefa ta a tsakar gidan mutane."

"To, Yaya."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Leɓunanta suna motsi, Alhaji ya gane addu'a take yi wa waɗanda aka binne a nan, shi ma ya ɗaga hannu ɗaya, don ɗayan yana ɓangaren da aka riƙe. Balarabe ya cire hula. Da suka shafa, wani kwalekwale mai inji ya wuce can gefe, igiyar ruwansa ta zo ta ɗaga nasu ta sauke. Aka ji ƙyat. Aljihun babbar riga ya rabu da rigar har ƙasa.

Hajiya ta dubi ƙyallen da ke hannunta, ta ninke shi, ta buɗe jaka ta saka.

"Mu koma," ta ce.

Sai da suka sauka, suka wuce matan kifi, suka shiga hanyar gonar albasa inda ba kowa, sannan ta yi magana.

"Tsoro nake ji, Alhaji. Tun ina yarinya. Ruwan nan ina gani ya zo ya tsaya a inda muke wasa."

"Na sani."

"Ka sani, amma ba ka tambaya ba. Da ka tambaya, da wataƙila tuntuni na ce a gwada. Kai kuma ka yi ta kewayawa da ni a babur. Bayana har yau bai manta hanyar nan ba."

"Na zaci taimako nake yi."

"Taimako ne. Na gode. Ya isa haka."

Da suka isa gida ta ce ya kira Badiyya. Aka sake jingina waya.

"Lamu," in ji Hajiya.

"Zanzibar," in ji Alhaji.

Hajiya ta juyo ta dube shi. Ya gyara zama, ya ce shi fa ya riga ya faɗa a majalisa, har yara sun sa masa suna, kuma ba girmansa ba ne a ji ya canza magana. Badiyya ta ce ita tana da taro nan da ɗan lokaci, su daidaita.

"Ba sai an daidaita ba," in ji Hajiya. "Ki kai ni Lamu. Shi ki aika shi wajen kunkurun."

Alhaji ya ce ba zai yiwu a ce matarsa tana wata ƙasa shi yana wata ba, don haka dole ta sa zai bi su. Haka ya faɗa wa majalisa da yamma: mata ne suka rinjaye shi. Malam Jibrin ya ce wannan ba abin kunya ba ne, manyan ƙasashe ma ana yi musu haka.

Bayan ƙaramar salla suka tafi. Jirgin sama bai dame su ba, sun hau lokacin aikin Hajji. Daga Nairobi aka sa su a wani ƙarami mai ƙara kamar injin niƙa, ya sauke su a wani fili da ke kewaye da kurmi. Suka taka zuwa bakin ruwa, ga jirgin otal yana jira, fari tas, da matasan kai masu laushi. Can ƙetare ga Lamu, fararen gidaje da hasumiyar masallaci. Hajiya ce ta fara shiga. Wannan karon hannun Badiyya ta riƙe, don Alhaji ya sa rigar da ba ta da aljihun gefe.

Ba su kai tsakiya ba Alhaji ya fara jin jiri. Ruwan teku ba ya kwanciya kamar na dam, ɗagawa yake yana saukewa. Gumi ya keto masa. Mutumin da ya ƙare aikinsa a bakin ruwa ya sunkuyar da kai ta gefen jirgi, ya mayar da shayin da aka ba shi a sama. Matuƙin ya miƙo masa ruwan gora cikin ladabi, kamar abin yana cikin tsarin tafiyar. Hajiya ta ce wa Badiyya kada ta ɗauki hoto.

Otal ɗin ya kai yadda aka faɗa. Ɗaki fari, gado mai rumfa, baranda tana kallon teku, ga ma'aikata da ba sa barin mutum ya ɗauki ko butarsa. Alhaji ya kwana ɗaya ya warware. Da safe bayan karin kumallo ya ce zai ɗan taka, bai dawo ba sai azahar, rigarsa duk yashi. Ya sami wani mai jakuna da ke kai yashi wurin gini. Ba su da yare ɗaya ban da sallama da alhamdulillahi, amma mutumin ya bar shi ya gyara wa jaki akumari, ya kuma gyaɗa kai da ya ga yadda ya ɗaure. Abu ɗaya ne bai yi wa Alhaji daɗi ba: ya yi wa jakin irin tsawar da mahaifinsa ke yi wa nasu, jakin bai ko motsa kunne ba.

"Ba ya jin Hausa," ya gaya musu a wurin cin abinci.

Kullum haka ya yi ta yi. Badiyya ta ce, "Baba, akwai wurin iyo, akwai masu tausa, akwai jirgin da ke fita da baƙi yawo." Ya ce ya gode, amma sun yi da mutumin za su kai bulo wani gida a bayan masallaci.

Hajiya kuwa baranda ta riƙe. Takan zauna da carbi tana kallon jiragen katako masu ƙyalle da iska ke turawa. Rana ta uku ta sauka bakin ruwa tare da Badiyya, ta cire takalmi, ta bari kumfar ta taɓa mata ƙafa, ta ce da sanyi, ta koma. Da rana aka kawo musu wani ƙaton jatan lande a faranti, ja wur, da ƙafafu da dogon gashin baki. Alhaji ya ce shi sai ya ji ta bakin malamai. Hajiya ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajinta, ta barbaɗa, ta cinye nata, ta jawo nasa.

Ranar da suka dawo Tiga suka tarar an yi ruwan sama mai ƙarfi a bayansu, katangar garken awaki ta faɗi. Alhaji ya canza riga ya fita neman magini tun kafin ya je majalisa. Hajiya ta shimfiɗa tabarma, mata suka cika gida ana yi mata barka da dawowa. Ta buɗe akwati ta raba tsaraba, zannuwa ne masu launi irin na matan can, kowanne da rubutu a bakinsa cikin yarensu. Laraba maƙwabciyarta ta ɗaga nata ta juya shi sama da ƙasa.

"Hajiya, me aka rubuta a nan?"

"Addu'a ce," in ji Hajiya.

Badiyya ta karɓi zanin, ta rubuta kalmomin a wayarta, ta karanta fassarar da ta fito, ta ga ba addu'a ba ce, habaici ne. Ta ninke shi da kyau ta mayar wa Laraba, ta ce kalar ta dace da ita.